Wankan da Umma Ba Ta Ƙarasa Ba

A watan Satumba na 1983 aka haifi ƙanena Dabo a nan Greensboro ta Amurka, kuma tun ranar da aka sallamo Umma daga asibiti aikin tsofaffi ya faɗo a kaina. Shekarata goma sha uku. Da a Funtuwa muke, Inna mahaifiyar Umma ce za ta hura wutar ruwan jego, ga gwaggwanni, ga matan maƙwabta masu jiran irin wannan rana su nuna gwaninta. A unguwarmu ta Glenwood kuwa, a tsohon gidan katakon da muke haya, daga Baba sai ni. Baba namiji ne, saboda haka ko shawara ba a yi ba.

Kada a ce na zalunce shi. Baba, Malam Uwaisu, ya kawo mu ƙasar nan ina 'yar aji biyu, da alkawarin cikin shekara uku zai gama karatun noma mu koma gida. Karatu ya ƙi ƙarewa, gwamnatin da ta turo shi ta yi kamar ba ta taɓa jin sunansa ba. Kafin gari ya waye yana Sedgefield yana tura injin yankan ciyawa a filin golf. Mutumin da ke neman dakta a kan abincin dabbobi, shi ne ke askin ciyawar da ko akuya ba a bari ta sunsuna. Daga can ya wuce jami'a. In ya dawo da magariba, sau da yawa barci kan kwashe shi da loma a hannu. Abin da ya iya dai ya yi: ya samo manyan tukwane a gwanjo, ya je har Raleigh ya karɓo ƙullin kanwa da yaji da Inna ta aiko ta hannun wani ɗalibi, ya sayo gero a shagon da ake sayar da abincin tsuntsaye. Mai shagon ya tambaye shi tsuntsaye nawa yake kiwo, ya ce uku, ɗaya na hanya.

Umma ba ta wasa da wankan jego. A wurinta mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi ya shiga, sanyin jego kuwa in ya shiga sai kabari ke raba ku. Tana da sunayen matan da ta sani a gida: wance ta kumbura, wance har yau ba ta iya sunkuyawa, wance ma ba a maganarta. Tsakanina da Dabo an yi ɓari fiye da sau ɗaya, don haka tsoronta ba na wasa ba ne.

Na nuna mata famfon ruwan zafi a banɗaki, ina ganin na kawo mafita. Ta sa yatsa, ta taɓe baki.

"Wannan ai ruwan alwala ne."

Sai dai wanda ya tafasa har yana tsalle. Murhun lantarkin gidan nan kuwa ya fi hawainiya nawa. In cika tukwane, in tsaya ina kallonsu kamar zan taya su da ido, in sun tafasa in naɗe hannayensu da tawul in yi ta jigila daga kicin zuwa baho, turiri na dukan fuskata. Safe da yamma. Dalbejiya babu ita a ƙasar nan, amma Umma ta hango ta taga wata bishiya a gidan maƙwabta, reshenta ya ranƙwafo kan shingenmu, ganyenta sak na dalbejiya. Pecan suke kiranta, tana da 'ya'ya masu ɓawo da ake ci kamar gyaɗa. Na karyo mata, ta sunsuna, ta tauna, ta tofar.

"Ba ɗaci," ta ce. "To, da babu gara ba daɗi."

Haka za ta shiga ta rufe ƙofa, in riƙa jin fyaɗar ganye da "wash, Allah" ta bayan ƙyaure, ni kuma ina jijjiga Dabo a kafaɗa, ɗaya hannun na dama kunun kanwa. In ta fito jikinta ya yi jawur, ta kwanta, ni in wanke baho, in wanke tsummokin jariri, in ɗora abincin rana. Kafin in zauna lokacin ɗora na yamma ya yi.

Da farko na gwada tauna taura biyu. Ina tashi tun kafin asuba, amma tukwane na fara kuka motar makaranta ke wucewa, ina hango ta ta tagar kicin. In na bi ta da ƙafa in isa a makare, in kifa kai a tebur in yi barci. Baba ya dube ni wani maraice ya ce:

"Ki haƙura da zuwan nan, Rumasa'u. Kwana arba'in ne kawai."

"Baba, I have algebra."

"Aljabara ba za ta gudu ba."

Ashe tana gudu. A shekarar aka sa ni a ajin lissafi na gaba, wanda sai an zaɓe ka, kuma na sha wahala kafin in samu. Malamar ajin ta bugo waya gida, ni na ɗauka, tunda Turancin Umma daga gaisuwa sai ban kwana. Ba ta ɓoye mini komai ba. In na ci gaba da fashi za a ba wani kujerata, in fashin ya yi yawa kuma shekarar gaba ɗaya zan maimaita. Na ajiye waya na faɗa wa Umma kamar yadda aka faɗa mini.

Umma ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. "Ke" ne sunana a bakinta.

"Ke, maimaita aji mutuwa ce?"

Ita dai abin da take tsoro mutuwar ce ta gaske. Amma na ji haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Na ji haushin tukwane, na ji haushin Inna da ta zauna a Funtuwa ta aiko kanwa ba ta aiko kanta ba, har Dabo da bai san hawa ba bai san sauka ba na ji haushinsa. Daga baya haushin ma ya gaji, ya bar ni da gajiya zalla, irin wadda kana tsaye kana manta abin da ya kai ka ɗaki.

Wata rana da hantsi ina tsaye kan shinge ina karyar ganye, sai na ji murya daga barandar maƙwabta, da Turanci mai wani irin lanƙwasa.

"Kurege na sace mini 'ya'yan, ke kina sace mini ganyen. Ni me za ku rage mini?"

Saura kaɗan in faɗo. Tsohuwar gidan ce, wadda muke kira Mai Tari saboda tarinta kaɗai muka sani ta bayan bango. Sunanta Amparo, 'yar Meziko, mijinta tsohon soja ne da ya kawo ta garin ya mutu ya bar ta. Ta yi shekaru tana aiki a masaƙa har ƙurar auduga ta cika mata ƙirji, aka sallame ta. Tana zaune a kujera da bargo a cinya, siririya, idanunta ƙur a kaina.

"Yau ba makaranta?"

"Mamata ta haihu."

"Sai yaushe za ki koma?"

"Bayan kwana arba'in."

Ta fashe da dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, har na yi tunanin in sauko in buga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce:

"Cuarentena. Mu ma arba'in ne. Ashe har Afirka ta kai." Ta nuna ni da yatsa. "Ki ce wa mamanki zan shigo barka."

Bayan azahar ta shigo, tana tafiya tana hutawa, riƙe da wata 'yar tukunya. Umma ta gyara ɗankwali ta raɗa mini cewa in nama ne in karɓa in gode in ajiye, ba mu san wa ya yanka ba. Aka buɗe, sai ga farin abu mai kauri yana ƙamshin kirfa. Umma ta ɗanɗana da bakin cokali, ta zaro ido.

"Ke, kunu ne! Kunun masara ne wallahi."

Shi ke nan aka zama 'yan'uwa. Na zauna a tsakaninsu ina tafinta. Anti Amparo ta ce a wurinsu mai jego ba ta taɓa ruwa sam har ta yi arba'in. A toshe mata kunne da auduga, a sa mata safa ko da ana zafin da zai dafa ƙwai, a ɗaure ciki tamau, a rufe ƙofa da taga kada iska ta shige ta.

"Sanyi," in ji Umma tana gyaɗa kai. "Sun san sanyi." Sai kuma ta yi ƙasa da murya. "Amma kwana arba'in ba wanka? Ke, kada ki fassara, wannan ƙazanta ta kai ƙazanta."

Da na bayyana wa Anti Amparo namu, tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, ta dafe ƙirji.

"Ki ce wa mamanki ita ba kaza ba ce da za a fige. A'a, tsaya, kada ki faɗa mata."

Rabona da dariya tun kafin suna. Amma tsohuwar ba dariya ta kawo ta ba. Ta ajiye kofi, ta dubi hannayena, ta ce in fassara abin da za ta faɗa duka, kada in rage kada in ƙara.

Ta ce a Chihuahua aka haife ta, aka ƙetaro da ita tana goye. Babanta leburan hanyar jirgin ƙasa ne a hamadar Arizona, a wani ɗan gari da in ka tsaya a farkonsa kana ganin ƙarshensa: tasha, kanti ɗaya, coci, makaranta mai ɗaki biyu. Turawa na wannan gefen dogo, 'yan Meziko na wancan, a cikin tsofaffin taragun da aka cire wa ƙafa aka huda musu taga. Da rani ƙarfen kan yi zafin da in ka jingina ka tashi da tabo, sai su jiƙa zane su rataya a ƙofa. Garin ba rijiya ba rafi. Jirgi ke kawo ruwa a tanki, ranar da ya zo kowane gida ya turo yaransa da garwa a cika duro. Ruwan da aka wanke kwano da shi, da shi za a wanke tsumma, abin da ya rage a zuba wa barkonon da mamanta ta shuka a gwangwani.

"A makaranta in ka yi yarenmu rula za ka sha a bayan hannu," ta ce. "Na sha har na gaji. Duk da haka ina son makarantar, mija, 'yata, domin nan ne kaɗai ake tambayata abin da ba aike ba. Akwai taswira a bango. Ni da ban taɓa ganin kogi da idona ba, babu kogin da ban san sunansa ba a taswirar nan."

Tana shekara goma sha ɗaya mamanta ta haihu. Kakanni na can Meziko, mata maƙwabta kowa da nata goyon. Babanta ya ce ta zauna gida, kwana arba'in ne kawai.

Na ji kunya kamar ni na ɗauko lauya a kan uwata. Na faɗa dai yadda aka faɗa, Umma kuma ta duƙufa a kan Dabo tana gyara masa hula wadda ba ta karkace ba.

Anti Amparo ta ci gaba. Kullum kafin fitowar rana ta murza masara ta gasa gurasar da babanta zai tafi da ita bakin dogo, ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, ta dama kunu, ta goya wannan ta rarrashi wancan. Arba'in ta cika, ta koma makaranta da murnarta, ta tarar an yi nisa. Malama ta mayar da ita cikin ƙananan yara, ta fi kowa tsawo, gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Tana cikin fafutukar kamo sa'o'inta mamanta ta sake samun ciki.

"A karo na biyu babana ko arba'in ɗin bai ambata ba. An riga an ga na iya. Yarinya in aka ga ta iya, ta shiga uku." Ta yi tari mai tsawo. "Takwas aka haifa a bayana, duk a hannuna suka tashi. Biyu malaman makaranta ne yanzu a California. Suna aiko mini da kati lokacin Kirsimeti, in sa yatsa in bi shi a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ina shekara goma sha bakwai soja na farko da ya ce yana so na bi shi, ban ma tambayi inda za mu ba."

Ta kama hannuna.

"Wannan ki faɗa mata da kyau. Uwata ba muguwa ba ce. Tsoro take ji, ni kuma ni ce a kusa."

Na faɗa. Can Umma ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Tambaye ta, uwar tata ta yi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Anti Amparo. "Ta haura tamanin, bayanta a miƙe kamar taɓarya. Ko ciwon kai ba ta sani ba. Arba'in ɗin ta yi mata aiki."

"Kin ji ko," in ji Umma, da muryar wanda ya ci shari'a. Sai dai a lokacin tari ya sake turnuƙe tsohuwar, ta duƙa tana neman numfashi, kafaɗunta na rawa, kuma na ga Umma ta ɗago ta daɗe tana kallonta.

"Da ƙirjina na da kyau da na ɗaukar miki tukunyar," in ji Anti Amparo da ta farfaɗo. "Yanzu ko turirin ba zan iya shaƙa ba. Labarin kaɗai gare ni."

Umma ta gyara zama, ta ɗaure fuska irin ta matar malami.

"Ki ce mata mun gode da kunu, Allah ya saka. Ki ce mata mu gidan boko ne, uban yarinyar nan dakta zai zama. Mu ba haka muke ba."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, tana dafa kujera.

"Babana ma haka ya ce wa malama."

Na raka ta har baranda. Da na dawo Umma ta ce, "Ke kika kai ƙarata wurin bare?" Na rantse ganye kawai na je karya. Aka yi wankan yamma kamar kullum, na yi jigilar ruwa, ta yi fyaɗarta, na wanke baho, ko a ranta me ke gudana ban sani ba.

Washegari da asuba na tashi ido a rufe na nufi kicin, hannuna ya lalubi murhu ya ji wayam. Na kunna fitila. Tukwanen suna can saman kabad, a wanke, a kife. Umma na zaune a falo tana ba Dabo nono, ta riga ta yi wanka ta sauya zane.

"Ke, motar makaranta ba ta jira."

"Umma, the water…"

"Da Hausa."

"Ruwan fa?"

"Na yi da na famfo."

Ko rabin arba'in ba ta kai ba. Na ce to a bar na yamma, in na dawo zan iya.

"In tukunya na kan murhu ke za a kira," ta ce. "Yau na yamma, gobe a ce na safen ma ai ba wuya. Wuce ki shirya."

Na shirya kuwa. Murna na yi, murna sosai, na fita da gudu ko waiwaye ban yi ba. Na samu kujerata ba a ba kowa ba, na yi makonni ina bin abin da ya wuce ni, na kamo.

Baba da ya lura da tukwane a saman kabad sai da ya ajiye cokali, ya kira Umma da sunanta.

"Daso, lokacin sanyi fa na tafe."

"Ya zo," ta ce.

A ƙarshen mako Anti Huseina, matar abokin Baba, ta zo daga McLeansville duba mai jego. Da ta ji labari ta saki salati har da tafa hannu.

"Maman Dabo, kin kashe bayanki da hannunki! Saboda school? Yarinya ta yi repeating mana, sai me? Da ina da licence ɗin tuƙi wallahi da kullum na zo." Ta juyo kaina. "Ke kuma kin ji daɗi, ko?"

Ta ce a sake ɗorawa daga yau. Umma ta ce wankan da aka katse ba ya ɗinkuwa, abin da zai shiga ya riga ya shiga, a bar maganar.

Da sanyin Disamba ya kankama, wata safiya ta sunkuya ɗaukar Dabo ta kasa miƙewa. Ta dafa ƙugu ta tsaya a haka, ta ce, "Ya iso," kamar baƙon da aka daɗe ana share wa ɗaki. Daga nan bai sake tafiya ba. Da Dabo ya fara tafiya ta kama aiki a ɗakin wankin wani otal, tunda karatun Baba har lokacin yana nan yana jan ƙafa. Daga safe zuwa la'asar tana ciro jiƙaƙƙun zannuwan gado daga inji tana lodawa a wani. Ta dawo ta kwanta a ƙasa, in taka mata baya da ƙafa ɗaya ina riƙe da littafi. Ba ta sake haihuwa ba. Kafin Dabo ya shiga makaranta a kan kujera take salla, mace ko shekara arba'in ba ta cika ba a duniya.

Ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba, da ta goranta ma da na samu abin mayar wa martani. Matan garin ne suka ɗauke mata wannan aikin. Duk suna, duk salla, sai an samu mai nuna ni da baki: "Ga 'yar bokon da ta ci bayan uwarta. To, Allah ya sa dai ki zama likita." In yi murmushi in ce amin. Kowace jarrabawa na ci, sai in ji kamar da ƙashin bayan Umma na rubuta ta. Abin nan ya gajiyar da ni fiye da tukwane.

Anti Amparo ba ta ga ƙarshen karatuna ba. Ina sakandare ƙirjin ya ci ƙarfinta. Umma ta dafa shinkafa ta aika wa ƙannenta da suka zo daga California, ranar jana'iza kuma ta sa na raka ta muka tsaya a tsallaken titi daura da cocin har aka fito da gawa. Tsayuwar ta kwantar da ita kwana da kwanaki.

A 1989 na shiga makarantar koyon aikin jinya, kaina cike da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, ina ganin babu abin da ya fi ƙarfin littafi. Na yi ta naci har Umma ta yarda na kai ta asibiti aka ɗauki hoton bayanta. Likitan ya maƙala hoton a jikin fitila ya nuna mini inda gaɓoɓin suka goge suka matse jijiya. Ya tambayi aikinta, na faɗa masa, ya ce ai ga amsa nan, ɗaukar nauyi ne da sunkuyo. Na yi ƙarfin hali na ba shi labarin wankan jego tun daga tukwane har ganye. Ya saurara da ladabi, ya ce babu ruwan wanka da wannan, ko an yi ko ba a yi ba.

Ban san lokacin da na rungume jakata ba. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Da ƙyar na bari muka isa mota. Watan Nuwamba ne, iska na kaɗa busassun ganyaye a filin ajiye motoci. Na taimaka mata ta zauna, na zagaya na shiga, na ɗora mata ambulan hoton a cinya, na fara zuba, har da ƙarin gishiri.

"Kin ji ko, Umma? Zannuwan otal ne. Ba wanka ba ne, ba sanyi ba ne. Ko shekara kika yi kina wankan nan haka bayanki zai zama. Duk surutun su Anti Huseina camfi ne. Babu abin da kika rasa saboda ni, babu!"

Ina jiran ta ce alhamdu lillahi. Tana kallon gaba, hannayenta a kan ambulan.

"Ke, mayar masa da hotonsa."

"Umma, gaskiya ce fa. Science ne."

"Ba ni da gona a garin nan," ta ce a hankali. "Ba ni da Turanci. Tunda kika shiga makaranta ban taɓa duba miki littafi na ce nan daidai ne nan kuskure ba. Ubanki ya ba ki kai, malamai sun ba ki karatu. Ni abu ɗaya na ba ki, kuma ina sane na bayar, ina jin tsoro na bayar." Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Yanzu kin kawo ni wurin Bature ya ce ban ba ki komai ba?"

Duk sunayen ƙasusuwan nan babu wanda ya zo mini. Na karɓi ambulan daga cinyarta na jefa kujerar baya, na tada mota.

Mun kusa fita titi ta gyara zama tana cije leɓe, ta dafa ƙugu.

"Kunna abin ɗumin nan," ta ce. "Sanyin ya motsa."

Na kunna mata har ƙarshe.